Masaƙar Inji da Tallafin Gwamnati: Abin da Ƙasar Gumel Ke Bukata Kafin Inji Ya Iso

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa dabbobi ne suka yi mata suna: raƙuma da shanu da dawaki da tumaki, waɗanda ake korowa daga Jamhuriyar Nijar, a loda su a manyan motoci zuwa kudancin Nijeriya. Amma idan mai karatu ya bar kara ya shiga rumfunan 'yan yadi, ya ɗauki turmin atamfa ko shadda ya duba bakinsa, zai tarar mafi yawan abin da ke jibge a wurin daga ƙetare ya fito, musamman daga ƙasar Sin. Makiyayin da ya sayar da sa yakan juya ya sayi tufafin iyalinsa a nan take, kuɗin kuma su bi ta Kantin Kwari a Kano su fice daga ƙasar.

Wannan ne ya sa a kai a kai ake jin shawarar cewa gwamnati ta sayo ƙananan injinan saƙa ta raba wa matasa da ƙungiyoyin masu sana'a. Shawarar tana da daɗin ji, akwai kuma ƙasar da irin wannan ƙaramar masaƙa ta yi nasara ƙwarai. Sai dai inji shi ne abu mafi sauƙin samu a cikin wannan sana'a. Makasudin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda injin yake aiki, da abin da yake ci, sannan a auna ko wane irin tallafi ne zai amfani wuri kamar masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Daga ƙoshiyar hannu zuwa ta inji

Saƙa, ko ta hannu ko ta inji, haɗuwar zare iri biyu ce: na tsaye, wanda ake miƙewa a tsawon tufa, da na kwance, wanda ke ratsa shi. Masaƙinmu na gargajiya yakan taka mataki da ƙafa, allera ta ɗaga rabin zaren tsaye ta saukar da rabi, sai baki ya buɗe a tsakani. Nan zai jefa ƙoshiya da ke ɗauke da kwarkwaron abawa ta fita ɗaya gefen, sannan ya jawo matsefi ya daddale zaren da ya ratsa. Kunkuru, wato dutsen da ke can gaba, shi ke riƙe zaren tsaye ya zauna a ɗame. Buɗe baki, jifa, da bugu: waɗannan motsi uku su ne saƙa gaba ɗayanta, kuma babu injin da ya sauya su har yau. Abin da inji ya sauya shi ne sauri da faɗi.

A shekarar 1733 wani Baturen Ingila mai suna John Kay ya ƙirƙiro ƙoshiyar da ake harbawa da igiya, wadda ta ba mutum ɗaya damar saƙa tufa mai faɗin da hannayensa ba za su iya kaiwa ba. A 1785 Edmund Cartwright ya yi rajistar masaƙar da inji ke juyawa. Daga baya aka sami mai sauya kwarkwaro da kanta in zare ya ƙare, kamar ta Northrop a Amurka a 1895, da ta Sakichi Toyoda a Japan a 1924, wadda kan tsaya cik da zarar zare ɗaya ya tsinke. (Daga wannan gida na masu ƙera masaƙa ne kamfanin motocin Toyota ya samo asali.) Injinan zamani ma sun yar da ƙoshiyar: wasu da siririn hannun ƙarfe suke miƙa zaren, wasu da feshin iska.

Ƙaramar masaƙar da muke magana a kai ita ce mai ƙoshiya, wadda ƙaramar motar lantarki mai ƙarfin doki ɗaya ko kusa da haka ke juyawa. Bari mu yi ɗan lissafi. A ce tana jifa 180 a minti ɗaya, kuma yadin da ake so yana da zaren kwance 20 a kowace santimita. Ke nan a minti ɗaya za ta saƙa santimita 9, a awa ɗaya mita 5.4. Da yake dole a riƙa tsayawa don ɗaure zare da sauya kwarkwaro, mu ɗauki kashi 80 cikin ɗari kawai, wato kimanin mita 4.3. A yinin aiki na awa 8 za a sami wajen mita 34 na yadi mai faɗin mita guda ko fiye. Masaƙin hannu kuwa, komai ƙwarewarsa, ƙwarya yake fitarwa mai faɗin tafin hannu, sai an ɗinke da yawa kafin a sami zane ɗaya.

To, amma wannan saurin shi ne kuma matsalar, domin inji mai sauri mai ci ne.

Abin da ke faruwa kafin zare ya hau inji

Yadi mai faɗin mita ɗaya zai iya ɗaukar zaren tsaye sama da 2,000. Kowanne sai an miƙe shi daidai da ɗan'uwansa, da tsawo ɗaya da ɗamewa ɗaya, a naɗe su a kan babban gungumen ƙarfe. Wannan shi ne wadari, wanda masaƙin gargajiya ke yi da turaku a fili yana kai da kawowa. Wadarin inji kuwa yana da nasa injin dabam, mai tsada, wanda shi kaɗai zai wadatar da masaƙu masu yawa. Saboda haka mai masaƙa biyu ko huɗu ba zai iya mallakarsa ba, in ma ya mallaka, zaman banza zai fi yi.

Bayan wadari sai shafa sitaci. Zaren auduga ba sumul yake ba. Idan aka duba shi da gilashin ƙara girma za a ga ƙananan gashi sun fito ta ko'ina. A kan inji, kowane ɗan yanki na zaren tsaye yakan sha gogayya da allera da matsefi sau ɗaruruwa kafin ya shige cikin tufa. Idan ba a kwantar da gashin nan ba, zare zai kama maƙwabcinsa, ya yi laushi, ya tsinke. Don haka ake ratsa zaren duka cikin dafaffen sitaci, na masara ko na rogo, a matse, a busar a kan manyan gangunan da tururi ke zafafawa. Wannan ma inji ne babba, mai bukatar tukunyar tururi da ruwa da makamashi.

Sannan akwai wani abu da ya shafi ƙasarmu kai tsaye, wato laimar iska. Auduga tana da wata ɗabi'a da ta saɓa wa yawancin zaruruwa: ƙarfinta ƙaruwa yake yi idan ta sha laima. Shi ya sa ɗakunan saƙar auduga ake riƙe laimarsu a wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, kuma yana daga cikin dalilan da ake bayarwa na bunƙasar saƙa a yankin Lankasha na Ingila, inda iska ke da danshi. A Gumel da Maigatari kuwa, lokacin hunturu da bazara, laimar iska da rana takan sauka ƙasa da kashi 20. A irin wannan yanayi zare yakan bushe ya yi ƙarara, sitacin da aka shafa ya riƙa zuba kamar gari, ƙurar auduga ta cika ɗaki. Masaƙar da aka lissafa za ta ba da mita 34 sai ta ƙare yini ana ɗaurin zare. Maganin ba mai wuya ba ne: rufaffen ɗaki da na'urar fesa ruwa siriri-siriri. Amma wanda ya tsara rabon inji yana zaune a ofis bai cika tunawa da shi ba.

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibansa wannan a aji ba tare da kashe kuɗi ba. A yanko zaren auduga guda shida masu tsawo ɗaya daga ƙulli ɗaya. Biyu a bar su a bushe, biyu a jiƙa su, biyu a tsoma su cikin kokon sitaci a shanya. A rataye kowanne a ƙusa, a ɗaura masa gwangwani, a riƙa zuba yashi sannu a hankali har ya tsinke, sannan a auna yashin. A lura dai zaren ya zama na auduga zalla, domin mafi yawan zaren ɗinki na kasuwa na roba ne, shi kuwa ruwa bai dame shi ba.

Tallafin da aka gwada a Nijeriya

Ƙasar Kano ta daɗe da sanin darajar tufa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikinta, kuma tufafinta na kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. A cikin watan Maris na wannan shekara ya ratsa ta Gumel a kan hanyarsa ta zuwa Kukawa, ya same ta babbar matattarar fataucin kanwa. Wannan bayani yana da amfani a gare mu: tun a wancan zamani ƙarfin Gumel a ciniki yake, a matsayinta na mahaɗar hanyoyi.

Yunƙurin farko na gwamnati ya zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Sashen Ciniki da Masana'antu na mulkin mallaka ya buɗe cibiyoyin koyar da saƙa a wurare kaɗan, ciki har da Minjibir a lardin Kano da kuma Sakkwato. Aka koya wa mutane amfani da masaƙar hannu mai faɗi. Da yawa daga cikin waɗanda suka koya ba su ɗore ba, saboda kayan aikin sun fi ƙarfin aljihunsu, zaren da ya dace da masaƙar yana da wuyar samu, yadin da suka saƙa kuma bai iya karawa da na kanti a farashi ba. A farkon shekarun 1950 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Alhassan Ɗantata, suka kafa masaƙar inji a Gwammaja a ƙarƙashin kamfanin Kano Citizens Trading Company. Ita ce misali mafi kusa da abin da muke tattaunawa: masaƙa madaidaiciya, ta 'yan ƙasa.

Daga nan sai hankalin gwamnati ya koma kan manyan masana'antu. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, ta haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila, sai UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1960. Irin waɗannan manyan masaƙu kan haɗa matakan aiki da yawa a cikin gida ɗaya, kamar kaɗi da wadari da saƙa. Ya zuwa shekarun 1980 Nijeriya na da masaƙu fiye da ɗari, kuma babu wani reshen masana'antu da ya kai su ɗaukar ma'aikata. Faɗuwarsu sananniya ce. An rushe Hukumar Auduga a 1986, darajar naira ta karye, kayan gyara suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an dogara da janareta, yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwa. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007.

Gwamnatin tarayya ta ware asusun naira biliyan 100 don farfaɗo da auduga da saƙa da ɗinki, wanda Bankin Masana'antu ya fara rabawa a matsayin bashi mai sauƙin ruwa a 2010. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje daga hannunsa, ya kuma raba wa manoma irin auduga. An janye wancan hani a watan Oktoba na 2023. A ganina, abin lura a nan shi ne cewa kusan duk wannan tallafi kuɗi ne, kuma wanda ke da jingina da takardun kamfani shi ke iya karɓa. Bashi bai kawo wuta ba, bai kuma tsare iyaka ba.

Darasi daga Indiya

A Indiya, fiye da rabin yadin da ake saƙawa daga ƙananan masaƙun inji yake fitowa, a garuruwa irin su Bhiwandi da Malegaon da Ichalkaranji da Surat da Erode. Mutum zai mallaki masaƙa huɗu ko takwas a wata rumfa bayan gidansa. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne cewa a gari ɗaya akwai mai sayar da zare, da mai wadari da sitaci a kan lada, da makanikin da ya san injin ciki da waje, da marini, da dillalin da zai kwashi yadin. Babu wanda ke yin komai shi kaɗai.

Tallafin gwamnati ya bi wannan tsari. Akwai cibiyoyin hidima da ke koyar da aiki da gwada ingancin zare. Shirin da aka ƙaddamar a 2017 mai suna PowerTex India ya ƙunshi taimakon gina rumfar aiki ta haɗin gwiwa, da sayen injinan da ƙungiya za ta yi tarayya a kansu, da sanya faranten hasken rana, da kuma abin da suka kira bankin zare: kuɗi marar ruwa da ake ba ƙungiya ta sayi zare da yawa a farashin sari, ta riƙa ba mambobinta kaɗan-kaɗan. Jihar Tamil Nadu kuma tana ba masu ƙananan masaƙu wani adadi na wutar lantarki kyauta, tana kuma ba ƙungiyoyinsu kwangilar saƙa yadin kayan makaranta da tufafin da take raba wa talakawa a kowace shekara.

Idan aka kawo maganar gida

Mu ɗauka wata ƙungiya a Gumel ta sami masaƙa goma. Tambayar farko ita ce zare. Ƙasar nan mai rairayi ce da ƙarancin ruwan sama; gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo su ne amfaninta. Audugar kasuwa a kudancin Katsina da Zamfara da yankin Zariya da Gombe ake nomanta, kuma ko da an nome ta a bayan gida, masaƙa ba auduga take ci ba, zaren da injin kaɗi ya murza take ci, mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Abawar mazari, duk kyawunta a gwado, ba za ta jure gudun inji ba. Masaƙa goma a lissafinmu na baya za su ba da kimanin mita 345 a yini. Idan kowace mita tana da nauyin giram 150, ana bukatar fiye da kilo 50 na zare kullum, kuma dole a biya kuɗinsa makonni kafin a sayar da yadin. Nan ne ƙananan masu sana'a suka fi karyewa, nan ne kuma bankin zare zai fi sabon inji amfani.

Wuta kuwa, abin mamaki, ita ce mafi sauƙin warwarewa a wannan mataki. Masaƙa goma ba za su wuce kilowat 10 ba, kuma rana ba ta yi wa arewacin Jigawa rowa ba. Faranten hasken rana za su iya ɗaukar aikin yini, wanda ya fi dogaro da janareta, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Tukunyar tururin sitaci ce ke bukatar wani makamashi dabam, kuma ita ce ya kamata a ce hukuma ta kafa guda ɗaya ga kowa. Wurin kafawa ma akwai: yankin ciniki marar haraji na kan iyaka da aka buɗe a Maigatari a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ko kuwa Gagarawa, wadda ke kan layin dogon Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930.

Sai kasuwa. Kuskure ne ƙaramar masaƙa ta ce za ta kara da atamfar Sin, domin atamfa aikin buga zane ce, wanda ke bukatar injina masu tsadar gaske. Abin da za ta iya shi ne yadi marar ado ko mai ratsi: kayan makaranta, zanen gadon asibiti, likkafani, da farin yadin da marinan Kano da Kura ke bukata. A ce ɗalibai 10,000 kowanne na bukatar mita 3 a shekara. Mita 30,000 ke nan, aikin kwana 87 ga masaƙa goma. Kwangila ɗaya irin wannan, in har ana biya a kan kari, ta isa ta riƙe ƙungiya wata uku, ta kuma ba ta abin nuna wa banki. Akwai ma dokar da za a jingina da ita, wato umurnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017, wanda ya bukaci ma'aikatun tarayya su fifita kayan gida, har da tufafin ma'aikata, wajen saye.

Kasuwar ƙetaren iyaka kuwa tana da riba, amma ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe a Disamba na 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mai masaƙar da ya ci bashi yana lissafin masu saye daga Dungas da Damagaram zai sha wuya a irin waɗannan watanni.

Akwai abu biyu da bai kamata a ɓoye wa mai karatu ba. Na farko, masaƙa mai ƙoshiya tana da ƙara ƙwarai, takan haura ma'aunin desibel 90, alhali daga 85 zuwa sama ji yakan lalace in aka daɗe ana sha. Ƙurar auduga kuma tana haddasa ciwon ƙirji. A garuruwan Indiya da muka ambata, ma'aikata da yawa na aikin awa goma sha biyu cikin wannan hali a kan lada kaɗan. Duk hukumar da za ta ba da rumfa, sai ta haɗa da abin toshe kunne da mashigar iska a cikin sharuɗɗanta. Na biyu, wanda inji ya fara kayarwa shi ne masaƙin hannu na kusa da shi. Indiya ta ga haka, har ta kafa doka a 1985 da ta keɓe wasu nau'o'in tufafi ga masaƙan hannu kaɗai, ko da yake aiwatar da ita ya yi wuya. A wurinmu saƙi da gwado da luru da siririyar ƙwaryar turkuɗi da Buzaye ke naɗawa suna da masu sayensu, waɗanda aikin hannun suke biya. Idan aka ɗora wa injin ƙungiya kwaikwayon waɗannan, tsofaffin masaƙan ƙauye ne za su fara rasa ciniki, ba 'yan kasuwar Kantin Kwari masu shigo da kaya ba.